Idan kwamfuta ta ƙi magana da ɗan jirgin ƙasa: yadda ake bin sawun matsalar

Mu a Sakkwato layin dogo bai zo mana ba. Wanda aka shimfiɗo daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda tun 1929, can ya ƙare. Yara da yawa a garin nan ba su taɓa ganin jirgin ƙasa ido da ido ba sai a fuskar waya. Shi ya sa ranar da na fara kunna ɗan jirgin da ke kan teburi a zaurena na Arkilla, yaran maƙwabta suka cika ƙofa, wasu na leƙe ta taga. Ma'aunin HO ne, wato an rage jirgin gaske sau 87, kuma tsakanin ƙarafan dogon nasa milimita 16.5 ne kacal. Daga baya wasu malaman kimiyya da ɗaliban fasaha suka fara haɗa nasu, galibi da Arduino, wani ɗan allon lantarki da ake ɗora wa manhaja, domin shi ya fi araha, kuma kiran da nake samu kusan iri ɗaya ne: "Malam, na haɗa komai amma kwamfuta ta ƙi ganin shi."

Kafin a taɓa ko waya ɗaya, sai an san hanyar da umarni yake bi. A tsarin DCC, wanda ƙungiyar NMRA ta Amurka ta mayar ƙa'ida ta bai ɗaya a farkon shekarun 1990 bisa aikin kamfanin Lenz na Jamus, wuta da saƙo tare suke tafiya a kan ƙarafan dogo biyu. A cikin kowane kan jirgi akwai 'yar dikoda, wato 'yar na'urar da ke karɓar umarni, mai lambarta, ba ta motsi sai an kira lambar. Idan ka danna maɓalli a kwamfuta, umarnin zai fita daga manhaja, mafi yawanmu JMRI muke amfani da ita, ya bi ta ƙofar USB, ya shiga kebul, ya isa akwatin umarni. Akwatin ya ɗora shi kan dogo, ƙafafun jirgi su ɗauka su miƙa wa dikoda, ita kuma ta tayar da motar da ke juya ƙafafun. Hannu bakwai ko takwas ke nan, kuma ko wanne ya saki abin da za ka gani ɗaya ne: jirgi a tsaye.

Mai gyaran famfo idan ya iske ruwa ba ya zuwa, ba ya fara tone bututun gida baki ɗaya. Tanki yake fara dubawa, sannan ya bi layi gaɓa-gaɓa har ya kai inda ya toshe. Haka za mu yi. Sharaɗi ɗaya nake gindaya wa duk wanda ya nemi taimakona: abu ɗaya za ka canza a lokaci guda, ka gwada, ka rubuta a littafi abin da ka canza da abin da ya biyo baya. Wanda ya sake kebul da direba da saiti uku a zama ɗaya, ko abin ya gyaru bai san me ya gyara shi ba, gobe ma zai sake tsayawa. Idan kuwa bai gyaru ba, ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Ajiye kwamfutar gefe tukuna

Idan tsarinka yana da linzamin hannu, irin na NCE Power Cab ko Digitrax ko Roco, zare kebul ɗin kwamfuta gaba ɗaya ka tuƙa jirgin da linzamin. Ya tafi? To daga akwatin umarni zuwa mota lafiya lau suke, rabin bincike ya ƙare, ka tsallake zuwa mataki na gaba. Bai tafi ba? Kwamfuta ba ta da laifi, kada ka ɓata dare kana sake saka manhaja.

Fara da adaftar wuta. Juya ta ka karanta abin da aka rubuta a bayanta. Wutarmu bolt 230 ce. Adaftar da aka rubuta wa 100 zuwa 240 za ta yi aiki a nan, amma kayan gwanjo da suka fito daga Amurka sau da yawa bolt 120 kaɗai suke ɗauka, kuma sokawa ɗaya ta isa ta ƙone su. Ina jaddada wannan domin kayan nan ba a sayar da su a Tsohuwar Kasuwa, sai an yi odar su an jira makonni.

Daga nan ɗauko mita. Wutar DCC tana juya fuska sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya, saboda haka idan ka sa mita a DC za ta nuna kusan sifiri, ka ɗauka babu wuta alhali tana nan. Mayar da ita AC ka ɗora a kan ƙarafan biyu. Lambar da za ta fito ba daidai take cif ba, domin ba don irin wannan wuta aka ƙera mitocinmu na kasuwa ba, amma ga HO ka sa ran ganin wani abu a kewayen bolt 14, ga ma'aunin N, wanda ya fi HO ƙanƙanta, kuma kusa da 12. Auna kusa da inda wayoyi suka shiga, sannan ka auna can ƙarshen layi. Idan bambancin ya yi yawa, 'yan maɗauran ƙarfen da ke haɗa dogo da dogo sun saki. Akwai gwaji mai sauƙi: gitta tsohon kwabo ko bakin sukundireba a kan ƙarafan biyu na ɗan lokaci kaɗan. Akwati mai lafiya zai yanke wuta nan take. Inda ka gitta bai yanke ba, wuta ba ta isa wurin da ƙarfi, sai ka ƙara jawo wayoyi daga akwati zuwa wannan ɓangare.

Sai shi kan jirgin. A nan ne masu sayen na hannu suka fi faɗawa. Idan an rubuta DCC Ready a kwalinsa, ba shi da dikoda, gurbinta kawai aka tanada. Wanda aka rubuta wa DCC Fitted ko DCC On Board shi ne mai ita. Kan jirgi maras dikoda idan aka ɗora shi a dogon DCC zai riƙa yin wani siririn kuka yana tsaye, motarsa tana ɗaukar zafi. Ɗauke shi da sauri kafin ta ƙone. Mai dikoda kuwa, idan sabuwa ce daga kamfani lambarta 3, ƙa'ida ce. Idan na hannu ne, mai shi na farko ya riga ya canza lambar, galibi zuwa lambar da ke rubuce a jikin jirgin. Gwada ita, in ta ƙi za mu karanto ta daga baya.

Masu DCC-EX, wato manhajar da ke mayar da Arduino akwatin umarni, a kan Arduino Mega da allon mota a samansa ba su da linzamin hannu, don haka nasu gwajin yana zuwa a mataki na uku. Amma tun yanzu su duba abu biyu. Allon mota yana buƙatar adaftarsa ta daban, kimanin bolt 15 ga HO, kebul ɗin USB ba ya kai wuta dogo. Kuma a ƙarƙashin allon akwai ɗan siririn layi da aka rubuta wa Vin Connect, wanda ake yankewa da reza don kada bolt 15 ɗin nan ta gangara cikin Arduino ta dafa shi. Shi Arduino bolt 7 zuwa 9 ta ishe shi, ko wutar USB. Mafitar A ita ce ta babban layi, B ta layin saiti, wato guntun dogo na daban da ake ɗora jirgi a kai don karanta ko saita dikoda.

Shin kwamfuta ta san an soka mata wani abu?

A nan na fi daɗewa da mutane, domin a nan mafi yawan matsalolin suke kwance. Kada ka buɗe JMRI. A Windows, danna dama a kan maɓallin Start ka zaɓi Device Manager, ka nemi layin da aka rubuta Ports, COM & LPT, ka buɗe shi. Yanzu zare kebul ɗin kana kallon allo, sannan ka mayar. Abu uku ne za su iya faruwa.

Na farko, wani layi ya ɓace ya dawo, ɗauke da suna da lamba kamar COM4 ko COM7. Alhamdu lillahi. Rubuta lambar a littafinka. Wannan cirewa da mayarwa ita ce hanyar da ba ta ƙarya, domin jerin yakan ƙunshi wasu ƙofofin da ba naka ba, kamar COM1 da kuma waɗanda Bluetooth yake buɗewa, kuma mutane da yawa su suke zaɓa bisa kuskure.

Na biyu, wani abu ya bayyana amma da alamar gargaɗi ruwan ɗorawa, ko ya faɗa ƙarƙashin Other devices. Wannan yana nufin kebul lafiya yake, kwamfuta ta ji baƙo ya shigo amma ba ta jin harshensa. Tafinta take buƙata, wato 'yar manhajar da masu gyara ke kira direba. Wane direba za ka nema ya danganta da ɗan guntun da ke kusa da bakin USB a jikin allon. Arduino na asali Windows takan gane shi da kanta. Amma waɗanda muke samu da sauƙin kuɗi mafi yawansu CH340 ne a jikinsu, sai an sauko da direbansa daga kamfanin WCH. Mahaɗin USB na NCE yana amfani da CP210x na Silicon Labs, LocoBuffer-USB kuma na FTDI. Karanta rubutun da ke kan guntun, ko da hasken tocilar waya ne, ka sauko da direban daga shafin wanda ya ƙera shi, ba daga shafukan da ke tara direbobi barkatai ba, waɗanda kan haɗo maka da ƙwayar cuta. Zare na'urar kafin ka saka direban, ka gama, sannan ka soka. Idan kana amfani da kebul mai mayar da tsohuwar ƙofa mai fil tara zuwa USB, ka ga an rubuta Code 10, akasari guntun PL2303 na jabu ne, sabbin direbobi ba sa karɓarsa. Kada ka yi ta fama da shi, nemi mai FTDI.

Na uku, babu abin da ya motsa, ko ƙarar nan da Windows ke yi ba ka ji ba. Kebul ne, sai in an tabbatar da akasin haka. Wani ɗalibi ya taɓa kirana daga Mabera bayan ya kwana biyu yana fama, har ya sake Windows ɗin kwamfutarsa. Na ce masa, "Wane kebul kaka amfani da shi?" Ya ce, "Na cajin wayata na, Malam, kuma fitilar allon tana kamawa." Na ce, "Awo, za ta kama. Taho da shi mu gani." Kebul ɗin waya biyu kawai ke cikinsa, na wuta, babu biyun da ke ɗaukar saƙo. Irinsu sun cika kasuwa, musamman waɗanda ke zuwa da fitila ko 'yar fanka mai caji, kuma daga waje ba ka bambance su. Kama fitila ba shaida ba ce. Gwajin shi ne ka haɗa wayarka da kwamfuta da wannan kebul ɗin ka ga ko za ka iya kwafe hoto. Allunan da ke da ƙaramin baki irin na waya su wannan ya fi shafa. Mega tana amfani da kebul irin na firinta, shi kuma matsalarsa tsufa ce da karyewa daga ciki. Ko wanne ne, gajere mai kauri ya fi. Iyakar USB 2.0 mita 5 ce, ni kuwa ba na son ya wuce 2. A lokacin gwaji soka shi kai tsaye a jikin kwamfuta, ban da marabar nan mai baki huɗu.

Abu ɗaya da ke rikita mutane: lambar COM takan canza idan ka canza bakin da ka soka. Jiya COM4 ne a hagu, yau ka soka a dama ya zama COM6, JMRI kuwa tana can tana ƙwanƙwasa COM4. Zaɓi baki ɗaya, manna masa ɗan salatif, ya zama na jirgi har abada.

Masu Linux da Raspberry Pi, naku sunan daban ne: /dev/ttyACM0 ga Arduino na asali, /dev/ttyUSB0 ga mai CH340 ko FTDI. Umarnin `dmesg` bayan sokawa zai nuna wanda aka ba ka. Idan ƙofar tana nan amma an hana ka shiga, sa kanka cikin rukunin dialout da `sudo usermod -a -G dialout $USER`, ka fita ka sake shiga. A Ubuntu 22.04 akwai wata manhaja mai suna brltty da ke ƙwace CH340 da zarar an soka shi, sai ƙofar ta bayyana ta ɓace. Cire ta yana warware matsalar, amma ka sani an yi ta ne don na'urar karatun makafi, idan akwai mai buƙatarta a wannan kwamfutar ka bar masa, ka nemi wata.

Gaisa da akwatin kai tsaye

Wannan na masu DCC-EX ne, kuma gajere ne. Buɗe Arduino IDE, zaɓi ƙofar da ka rubuta, buɗe Serial Monitor, sa saurin zance a 115200. Allon zai sake tashi da kansa, al'adarsa ce duk lokacin da aka buɗe ƙofar, sai ya fara zubo rubutu, ciki har da layin da ke faɗin zubin DCC-EX da irin allon motar da aka saita masa. Idan tarkacen alamomi marasa ma'ana ka gani, saurin ne bai dace ba, galibi yana kan 9600. Idan fayau ne babu komai, wataƙila ba a ɗora masa DCC-EX ɗin ba tun farko.

Rubuta `<s>` ka aika, ya kamata ya faɗi halin da yake ciki. Rubuta `<1>`, fitilu huɗu da ke bakin A da B su kama, mita ta ga wuta a dogo. `<0>` yana kashewa. Ɗora kan jirgi shi kaɗai a layin saiti ka aika `<R>`, zai ɗan zabura ya dawo maka da lambarsa. Idan duk wannan ya yi, kayanka lafiya suke, saura manhaja.

To ka rufe Serial Monitor. Rufe Arduino IDE ɗin ma baki ɗaya. Ƙofar COM mutum ɗaya take ɗauka, manhajar da ta riga shiga ita ke riƙe da ita. Haka ma idan ka buɗe DecoderPro da PanelPro, manhajoji biyu na JMRI, a tare, ko wata tsohuwar JMRI ta maƙale a bayan fage ba ta mutu ba. Idan ka ga saƙon cewa ƙofa tana hannun wani, duba Task Manager ka kashe duk Java da ke gudana.

Cikin JMRI

JMRI kyauta ce, masu sha'awa ne ke rubuta ta, wani malamin kimiyyar fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili, Bob Jacobsen, shi ya assasa ta. Da Java take aiki, kuma zubi na 5 ba ya tashi da tsohuwar Java 8 da ke cikin kwamfutoci da yawa, sai 11 zuwa sama. Shafin saukarwa yana faɗin wadda kowane sabon zubi yake buƙata. Idan ka danna ta ta ƙi buɗewa sam, nan za ka fara dubawa.

Tsarin kunnawa yana da muhimmanci: akwatin umarni da farko, sai kebul, sai JMRI a ƙarshe. A lokacin tashinta take neman ƙofa. Idan ba ta iske ta ba, ko kebul ya zare ana cikin aiki, mafi sauƙi a rufe ta a sake buɗewa.

Shiga Edit, Preferences, Connections. Abu uku za ka cike: kamfanin tsarin, irin mahaɗin, da ƙofa. A na biyun ake yawan zamewa. Kowane tsari yana da zaɓin Simulator, na kwaikwayo, wanda ke nuna komai kore shar kamar yana aiki alhali ko harafi ɗaya bai fita daga kwamfuta ba. Masu Digitrax PR3 ko PR4 su lura cewa na'urar tana da fuska biyu, ko ta zama mai saita dikoda ita kaɗai, ko ta zama gada zuwa LocoNet, wato layin da kayan Digitrax ke magana da juna ta kansa, kuma zaɓin da aka yi a JMRI ne ke faɗa mata wacce za ta ɗauka. Kebul ɗin LocoNet waya shida ne a ciki, na tsohon tarho mai huɗu yana shiga ramin amma ba ya aikin. Masu NCE kuma, 'yan filogin saiti da ke jikin mahaɗin USB dole su yi daidai da abin da aka zaɓa a JMRI, har da saurin zance, kuma Power Cab a ramin hagu na faifansa yake zama da shimfiɗaɗɗen kebul, mahaɗin ya ɗauki na dama. Ajiye saitin, bari JMRI ta sake tashi.

Akwai wani lungu da mutane ba sa leƙawa: shafin Defaults a cikin Preferences. Idan JMRI ta taɓa tashi ba ta sami akwatin ba, takan mayar da linzami da wuta da saiti zuwa Internal, ta bar su a can ko bayan an gyara haɗin. Sai ka ga haɗi ya yi kore amma jirgi ko gezau. Mayar da kowane zaɓi kan sunan tsarinka, ajiye, sake tayarwa.

Daga nan gani ya kori ji. A ƙarƙashin sunan tsarinka a saman taga akwai mai nuna zirga-zirgar saƙonni, Traffic Monitor ko Monitor LocoNet ko Command Monitor, gwargwadon tsari. Buɗe shi, ka danna maɓallin kunna wuta. Idan saƙo ya fita amsa ta dawo, magana tana tafiya. Idan yana fita babu amsa, ko ƙofa ce ba daidai ba, ko sauri, ko akwatin a kashe yake. Idan ko fita ba ya yi, koma Defaults. A Help kuma akwai System Console, inda JMRI ke rubuta duk abin da ya same ta tun tashinta. Layukan da aka yi wa alamar ERROR su za ka karanta, na farkonsu ya fi na ƙarshe amfani.

Idan karanta dikoda ne ya gagara, lambar kuskuren tana nuna inda za a dosa. 306 tana nufin akwatin bai amsa wa kwamfuta ba, wannan matsalar haɗi ce, koma baya. 301 da 308 kuwa albishir ne ta wani ɓangare, domin kwamfuta da akwati suna jin juna, jirgin ne ba a gani ba ko bai amsa ba. Dikoda ba ta da baki. Yadda take cewa "e" shi ne ta ja ƙarin wuta kimanin miliamfiya 60 na tsawon kusan kashi 6 cikin 1000 na daƙiƙa ta hanyar zaburar da mota, akwatin ya ji wannan ja. Ƙura kaɗan a ƙafa ta isa ta haɗiye amsar. Goge layin saiti da ƙafafun, tabbatar jirgi ɗaya ne a kai, kuma ka zaɓi Programming Track ba Programming On Main ba, domin a babban layi ana iya rubutawa amma ba a karantawa sai da ƙarin tsari irin RailCom. Dikoda mai sauti, ko wadda aka ɗaura wa ma'ajiyar wuta don kada ta riƙa ɗaukewa, takan yi taurin kai a nan. Idan saitinta ya rikice gaba ɗaya, rubuta 8 a CV8, wato gurbin saiti mai lamba 8 a cikin dikoda, yana mayar da dikodoji da yawa yadda suka fito daga kamfani, lamba ta koma 3. Na NCE kuwa 2 ake rubutawa a CV30. Duba takardar taka kafin ka rubuta.

In ta rauta ko waya ake bi

Roco Z21 ba ta USB take magana ba, ta kebul ɗin rauta ne, kuma adireshinta na asali 192.168.0.111, ƙofa 21105. Dole kwamfutarka ta kasance a unguwa ɗaya da ita, wato adireshinta ya fara da 192.168.0. Rubuta `ipconfig` ka gani. 'Yan rautocin aljihu da muke sa wa layin waya da yawa suna raba adireshi mai farawa da 192.168.8, a haka ba za su taɓa haɗuwa ba. `ping 192.168.0.111` zai gaya maka ko ana jin ta.

DCC-EX mai Wi-Fi yakan buɗe tasa tashar mai suna da ke farawa da DCCEX, adireshi 192.168.4.1, ƙofa 2560. Idan kuma ta JMRI kake son tuƙi da manhajar Engine Driver a wayar Android, sai ka kunna WiThrottle Server a cikin JMRI, ƙofarsa 12090, kuma ka ba Java izini a katangar tsaro ta Windows. Wanda ya danna Cancel ranar da aka tambaye shi, sai ya je ya buɗe da hannu. Sannan kashe datar waya. Wayoyi da yawa idan suka ga Wi-Fi ba shi da intanet sai su sulale su koma data ba tare da sun faɗa maka ba.

Yana yi yana ɗaukewa

Wannan ita ce mai cin rai, kuma a garinmu tana da dalilan da littattafan Turawa ba su cika ambata ba. Littafin rubutunka a nan zai yi maka rana: rubuta ƙarfe nawa abin ya yanke, da wace wuta ake, da abin da aka kunna a gidan a lokacin.

Fara da abin da ke cikin kwamfuta. Windows tana kashe bakin USB don tattalin batir. A Device Manager, ƙarƙashin Universal Serial Bus controllers, buɗe kowane USB Root Hub, shiga Power Management, cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe shi. A Power Options ma kashe USB selective suspend, ka hana laftof barci muddin jirgi na tafiya.

Sai wuta. Lokacin da aka ɗauke wuta aka koma inbata, ko aka tayar da janareta, ko firij ko injin jan ruwa ya tashi, ƙiftawar ido ɗaya ta isa ta sa akwatin umarni ya sake tashi. Laftof ba za ta ji ba domin tana da batir, sai ƙofar COM ta ɓace ta dawo, JMRI na riƙe da matacciya. Ƙaramin UPS ga akwatin da rauta yana maganin wannan. Akwai kuma dattin wuta, wanda ƙananan janareta da inbata masu araha ke fitarwa, yana bin cajar laftof ya shiga kebul ɗin USB. Gwajinsa ba ya cin ko sisi: zare caja, yi aiki da batir na awa ɗaya. Idan yankewar ta tsaya, ka kama ɓarawon. Soka caja da adaftar akwati a soket ɗaya, raba kebul ɗin USB da wayoyin dogo kada su kwanta tare, in ta ƙi ka nemi 'yar na'urar da ke raba wutar USB tsakanin ɓangarorin biyu.

Zafi ma yana da nasa. Daga Maris zuwa Mayu muna wuce digiri 40 a inuwa, ɗaki mai rufin kwano kuwa sai wanda ya shiga. Guntun L298 da ke kan allon mota mai zafi ne ko a ƙasar sanyi, kuma idan ya kai iyakarsa yakan yanke da kansa sai ya huce. Alamarsa ita ce komai na tafiya daidai da safe, da azahar kuma bayan minti goma ko ashirin jirgi ya tsaya alhali kwamfuta na nuna haɗi yana nan. Manna masa ƙarfen shan zafi, ka ɗora 'yar fankar tsohuwar kwamfuta mai bolt 12 tana hura shi, kada ka rufe shi cikin roba maras huji. Ƙarafan dogo su ma suna miƙewa da zafi su tsuke da sanyi, wannan kai da kawowa ke sassauta maɗaurai. Bar ɗan tsagi kamar kaurin kati tsakanin wasu gaɓoɓin, kuma ka like wayar wuta da dalma a kowace mita ɗaya ko makamancin haka, kada ka dogara da maɗauri ya kai wuta.

Da hunturu kuwa ƙura ce da bushewar iska. Ƙurar da ke sauka a dare ɗaya ta isa ta sa jirgi ya riƙa tuntuɓe, mutum ya zargi kwamfuta. Goge dogo da farin ƙyalle mai tsabta da ɗan sifirit kafin kowace tafiya. Kada ka kusance shi da sanfefa, tana barin ƙananan zane da datti ke maƙalewa a ciki. Ƙafafun jirgi kuma, shimfiɗa ƙyallen a kan dogo, ɗora rabin ƙafafun a kansa, ka riƙe jirgin ka ba shi wuta su juya su goge kansu, sannan ka juya ɗaya rabin. Tartsatsin nan da ke cizon yatsa idan ka taɓa ƙofar mota a watan Janairu, shi ma yana iya sa Arduino ya sake tashi ko ya lalata dikoda, don haka taɓa ƙarfen taga ko ƙofa kafin ka kai hannu kan allo. Bakin USB na laftof ma yana cika da ƙura, hura shi da robar hura iska, ban da tsinke ko allura. Idan an tashi, a lulluɓe teburin duka da tsohon zanin gado.

Idan ka bi duk wannan abin bai warware ba har za ka nemi wani, kada ka aika masa da "ya ƙi yi" kawai. Aika sunan akwatin umarni da mahaɗinsa, irin Windows ko Linux ɗinka, zubin JMRI da na Java, hoton Device Manager kebul na soke da kuma bayan an zare, hoton shafin Connections da na Defaults, da rubutun System Console tun daga layin farko. Ka faɗa masa kuma ko jirgin yana tafiya ba tare da kwamfuta ba, da irin wutar da kuke kai lokacin da ya tsaya.